Soyayyar Thomas da John Cole a bakin daga: ta wanke musu jinin da ke hannunsu?

Bilkisu Mai Littafi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin waɗanda suka karanta Days Without End, littafin marubucin ƙasar Ailan Sebastian Barry, wanda ya fito a 2016, ya ci kyautar Costa ta gwarzon littafin shekara, sannan ya ƙara da kyautar Walter Scott ta ƙagaggun labaran tarihi a 2017. Ga wanda bai san shi ba, gara in faɗa tun da wuri cewa labarin soyayya ne tsakanin maza biyu, domin kada wani ya shigo ya ce an shammace shi, kuma tattaunawar za ta taɓa abubuwan da suka faru a ƙarshen labarin.

Mai ba da labarin, Thomas McNulty, yaro ne ɗan Sligo a ƙasar Ailan wanda babbar yunwar shekarun 1840 ta cinye danginsa, ya shiga jirgin ruwa zuwa Kanada, daga can ya gangara Amurka. A Misuri ya gamu da John Cole, marar gata irinsa, sa'ad da dukansu biyu suke fakewa daga ruwan sama a gindin wani shinge. Aikin farko da suka samu shi ne a wata mashaya ta garin masu haƙar ma'adinai, inda ake sa musu rigunan mata suna rawa da mazajen da suka daɗe rabonsu da ganin mace. Da jikinsu ya girma aikin ya ƙare, sai suka shiga soja, aka tura su yaƙi da 'yan asalin ƙasar a Kalifoniya da filayen yamma, daga bisani suka yi yaƙin basasa a ɓangaren Arewa, aka kama su, aka tsare su a Andersonville, sansanin fursunonin yaƙi na ɓangaren Kudu. A tsakiyar wannan duka suka ɗauki wata yarinya 'yar ƙabilar Sioux, suka raɗa mata Winona, suka riƙe ta kamar 'yar cikinsu.

Tambayata kashi biyu ce. Ta farko, shin a Amurkar wancan zamani maza biyu za su iya zama irin wannan zaman shekara da shekaru, a bariki da gona, ba tare da wani ya ɗaga musu hankali ba, ko kuwa marubucin ya ɗauko tunanin yau ne ya sa masa tufafin jiya? Ta biyu ta fi damuna. Thomas mutum ne mai taushin zuciya, muryarsa tana shiga rai, amma da hannunsa ya soke mata da yara a sansanin da rundunarsu ta kai wa hari. Na lura cewa ina gama karanta kisa, shafi biyu gaba sai in samu kaina ina yi masa fatan ya tsira ya koma wurin John Cole. Shin marubucin bai yi amfani da soyayyar ba ne domin ya sa mu yafe abin da ba mu da hurumin yafewa?

Malam Ɗanlami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Bilkisu. Zan ɗauki tambayar farko, domin ita ce tarihi yake da abin cewa a kanta.

Batun rawar maza da maza ba ƙirƙirar marubucin ba ne. Bayan da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, mutanen da suka kwarara can kusan duk maza ne, har ƙidayar 1850 ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka ƙirga a jihar maza ne. A sansanonin haƙar zinariya akan shirya rawa babu mace ko ɗaya, sai a ware wasu mazan a ɗaura musu ƙyalle a hannu, alamar cewa su ne matan wannan daren. Saboda haka mai mashayar da ya ɗauki yara biyu ya sa musu riga da gashin kanti, bai yi abin da zai ba mutanen zamaninsa mamaki ba. Haka nan kwanciyar maza biyu a shimfiɗa ɗaya abu ne na yau da kullum a masauki da bariki, saboda sanyi da ƙarancin gado, kuma babu wanda yake karanta wata ma'ana a cikinsa. Wannan kaɗai ya isa ya zama labule ga duk wanda yake da abin ɓoyewa.

Akwai kuma mutane na gaskiya da tarihi ya riƙe sunansu. A rundunar sojan doki ta bakwai, wadda hafsan sojan Amurka George Custer ya jagoranta, an yi wata mai wanki da ake kira Misis Nash, wadda ta yi suna wajen ɗinki da karɓar haihuwa, ta kuma auri sojoji ɗaya bayan ɗaya. Matar Custer da kanta ta ambace ta a cikin rubutunta. Sai da ta mutu a 1878 a barikin Fort Abraham Lincoln, matan da suka zo yi mata sutura suka tarar jikin namiji ne. Akwai kuma Albert Cashier, wanda shi ma a Ailan aka haife shi da sunan mace, ya yi yaƙin basasa a wata runduna ta Illinois, ya ci gaba da rayuwa a matsayin namiji na tsawon shekaru da dama bayan yaƙin kafin asiri ya tonu. To idan irin waɗannan sun faru, Thomas da ya sa rigar mace ya zauna a gonar taba a Tenesi, har wani mai wa'azi mai raunin gani ya ɗaura musu aure, bai fita daga abin da zai yiwu ba.

Amma labarin Misis Nash yana da wutsiya, kuma a nan ne nake ganin littafin ya sassauta. Mijinta na ƙarshe, wani kofur mai suna Noonan, abokan aikinsa suka sa shi gaba da ba'a da ƙyama, bai daɗe ba ya harbe kansa. Ma'ana, abin da ya ba irin wannan zama kariya shi ne rashin sani ko kau da kai, kuma ranar da magana ta fito fili, kariyar takan tafi. Dokokin jihohi a lokacin suna hukunta saduwar namiji da namiji. A littafin kuwa, kusan duk wanda ya kusanci Thomas da John, ko dai bai lura ba, ko ya lura bai damu ba. Abokinsu Lige Magan ya karɓe su a gonarsa hannu bibbiyu. Haɗarin da ke bin su daga harsashi yake zuwa, da yunwa, da 'yan fashi, kusan ba ya zuwa daga tonon asiri. Mai yiwuwa ne mutum biyu su yi wannan sa'a, sai dai sa'a ce babba, kuma marubucin ne ya ba su ita da gangan. An san cewa ya sadaukar da littafin ga ɗansa Toby, wanda ya bayyana wa iyayensa cewa maza yake so, kuma littafin ya fito ne shekara ɗaya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2015 da ta halatta auren jinsi ɗaya a Ailan. Uba ne yake rubutu, kuma bai so ya rubuta labarin da za a hallaka masoyan a ƙarshe ba.

Hajiya Asabe ta amsa:

Ni zan faɗi matsayina a fili domin kada a yi ta kewaye-kewaye. A addinina wannan alaƙa haramun ce, kuma babu daɗin alƙalamin da zai canja mini wannan. Ba zan ba 'ya'yana littafin ba, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Sai dai na karanta shi har ƙarshe, kuma tunda Bilkisu ra'ayi ta nema a kan littafi, ba fatawa ba, zan yi magana a kan abin da ke cikinsa.

Wanda yake zaton zai tarar da batsa zai sha mamaki. Thomas yakan ambaci abin da ke tsakaninsu a taƙaice ƙwarai, wani lokaci a jimla ɗaya, ya wuce zuwa maganar dawakai ko abinci ko yanayin gari. Abin da ya cika shafukan shi ne hidima: John Cole mutum ne mai yawan ciwo, Thomas yana jinyarsa, suna raba ɗan abin da suka samu, kowannensu yana duba ko ɗayan yana numfashi bayan an gama artabu. Ni wannan ne ma ya sa nake ganin littafin ya fi ƙarfin tasiri a kan mai karatu fiye da wanda ya cika da bayanin shimfiɗa, domin ba ya jayayya da kai, ba ya neman ka amince, sai dai ya ajiye maka abin a matsayin gaskiyar da ta riga ta zauna, ya ci gaba da labarinsa. Duk mai karantawa ya san da wannan dabara kafin ya fara.

Game da tambayarki ta biyu, 'yata, ban yarda cewa soyayyar ta wanke kowa ba, kuma ban ga alamar marubucin ya nufi hakan ba. Ki tuna harin Kalifoniya, inda suka afka cikin hayaƙi da ruɗani suna suka, sai da ƙura ta lafa suka ga babu mayaƙi ko ɗaya a cikin gawarwakin, mata ne da ƙananan yara. Thomas bai ce an tilasta masa ba, bai kuma ɓoye irin zumuɗin da yakan kama soja a lokacin kisa ba. Da marubucin yana son ya wanke shi, da ya sa shi ya harba sama, ko ya ɓoye wani jariri a rigarsa. Bai yi haka ba. Ya bar mu da mutumin da ya iya ƙauna ya kuma iya kisa, kuma duk wanda ya zauna da tsofaffin sojoji ya san cewa zuciya ɗaya tana ɗaukar duka biyun.

Sadiya 'yar Zinder ta amsa:

Gaisuwa ga manya. Ni ƙorafina na daban ne, domin a matsayin labarin soyayya bai gamsar da ni ba. Mu da muka tashi da littattafan soyayya na Kano mun saba da cewa so sai an sha wuya a kansa: akwai kishiya ko abokin takara, akwai iyayen da suka ƙi, akwai saɓani da rabuwa da sulhu. A nan kuwa tun daga gindin shingen nan magana ta ƙare. Ba su taɓa yin faɗa na kirki ba, babu kishi, babu ranar da ɗaya ya yi shakkar ɗaya. John Cole ma da ƙyar muka san shi, dogo ne, kyakkyawa ne, ba ya yawan magana, shi ke nan. Duk abin da muka sani game da shi ta bakin wanda ya mace a kansa muka ji, kuma mai so ba shaida ba ne. A ganina littafin yaƙi ne da aka dasa masa soyayya a tsakiya domin mai karatu ya samu wurin hutawa.

Habibu Ɗalibi ya amsa:

Hajiya, da girmamawa, ina ganin kin yi wa marubucin sassauci. Gaskiya ne bai ɓoye kisan ba, amma tambayar ita ce a bakin wa ya sa labarin, kuma wa aka bari babu baki.

Mu dubi Winona. Rundunar da Thomas da John suke ciki ce ta kashe mutanenta. Aka kwaso yaran da suka rage aka kai bariki, matar Manjo Neale ta sa su a makarantarta tana koya musu Turanci. Da Thomas da John za su bar soja suka tafi da yarinyar a matsayin 'yar aiki, kuma sunan da take amsawa ma su ne suka ba ta, saboda harshensu ya kasa furta nata. Daga nan labarin ya juya ya zama na iyali mai daɗi, uba biyu da 'yarsu, har tana hawa dandamali tare da su a Grand Rapids. Yarinyar da aka kashe danginta a gabanta, ba mu ji fushinta ba, ba mu ji ta tuhume su ba, sai biyayya da ƙauna. Wannan ne wurin da nake ganin tambayar Yaya Bilkisu ta samu gindin zama. Ba soyayyar mazan biyu ce take wanke su ba, ƙaunar da aka sa yarinyar ta yi musu ce take yin wannan aikin, domin idan wadda aka zalunta ta kira ka uba, mai karatu wane ne da zai riƙe ka a zuci?

Kuma abin ba tatsuniya ba ne. A 1854, kusa da barikin Fort Laramie, wurin da aka kafa babban ɓangare na labarin, rigima a kan saniya guda ta sa wani laftana mai suna Grattan ya shiga sansanin Lakota, wani reshe na ƙabilar Sioux, da sojoji wajen talatin, aka harbe sarkinsu Conquering Bear, su kuma suka kashe sojojin gaba ɗaya. A shekarar da ta biyo, Janar Harney ya kai harin ramuwa a Blue Water, ya kashe mutane fiye da tamanin, da yawansu mata da yara, ya kwashe wasu kusan saba'in a matsayin fursunoni. Duk wannan ya faru ne 'yan shekaru bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1851 da aka ƙulla kusa da Fort Laramie. A Kalifoniya kuwa, 'yan asalin ƙasar sun ragu daga kimanin 150,000 a 1846 zuwa kimanin 30,000 a farkon shekarun 1870, kuma sai a 2019 gwamnan jihar ya fito ya nemi gafara ya kira abin kisan ƙare dangi. Raba yara da iyayensu da harshensu ma daga baya ya zama tsarin gwamnati, tun daga makarantar Carlisle da aka buɗe a 1879. Winona ɗaya ce daga cikin dubban yara irinta, kuma yawancinsu ba su faɗa hannun masu tausayi ba.

Na san cewa a 2020 marubucin ya fitar da ci gaban labarin, A Thousand Moons, inda Winona ce take magana da bakinta, har muka ji sunanta na asali. Ni a wurina wannan kamar amincewa ce cewa akwai bashin da littafin farko ya bari bai biya ba.

Bilkisu Mai Littafi ta sake rubutawa:

Na gode muku duka. Habibu, maganarka ta kama ni, amma akwai abin da nake son ka sa a ma'auni. A ƙarshen littafin, da aka zo aka ɗauke Winona domin a yi musayarta da 'yar Manjo, Thomas ya bi sawu, kuma da ta kai ga zaɓi, ya kashe Starling Carlton, tsohon abokin yaƙinsa wanda suka sha wuya tare shekara da shekaru, domin ya ceci Winona. Wannan ne karo na farko da ya juya makaminsa ga nasa ɓangaren saboda 'yar ƙabilar da ya yi rayuwarsa yana yaƙa, kuma saura ƙiris ya rasa ransa a kan haka. Shin wannan ba ya cikin lissafi? Malam Ɗanlami, ina kuma son jin ta bakinka game da mutanen nan na Lakota da Thomas ya gani suna shigar mata, domin wurin ya tuna mini da 'yan daudu, amma ban tabbata kwatancen ya yi daidai ba.

Malam Ɗanlami ya sake amsawa:

Kwatancen yana da iyaka, Malama. Waɗanda Thomas ya gani su ne Lakota suke kira winkte, maza masu ɗaukar shiga da ayyukan mata, kuma a al'adarsu suna da gurbi sananne, har akan nemi su raɗa wa yaro suna saboda ana ganin suna da wata baiwa. 'Yan daudu a ƙasar Hausa an san su ne da sana'ar abinci da harkar biki da alaƙa da bori, ana hulɗa da su ana kuma yi musu kallon ƙasa-ƙasa. Inda suka yi kama shi ne cewa al'ummomin biyu sun san da irin waɗannan mutane tun kafin zuwan Bature, amma matsayin da aka ba su ba ɗaya ba ne. Abin lura a littafin shi ne, a wurin mutanen da aka aiko shi ya kashe ne Thomas ya fara ganin cewa mutum irinsa zai iya rayuwa a sarari, kuma wannan bai hana shi ɗaukar bindiga washegari ba.

A kan gardamarku da Habibu, ina ganin kada a manta da inda Thomas ya fito. Yunwar da ta fara a 1845 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya a Ailan, ta kori wasu fiye da miliyan, a ƙarƙashin mulkin Ingila, lokacin da ake ci gaba da fitar da abinci daga tsibirin. Waɗanda suka tsira suka iso Amurka ana ƙyamarsu, kuma aikin soja yana cikin 'yan ƙofofin da aka buɗe musu, har 'yan asalin Ailan kimanin 150,000 suka yi wa Arewa yaƙi. Wanda aka kora daga gonarsa shi aka ba bindiga ya kori wani daga tasa, kuma Thomas da kansa yana ganin wannan kamanni, yana faɗinsa, sannan ya ci gaba da bin umarni. A Andersonville kuma, inda fursunoni kusan 13,000 daga cikin kimanin 45,000 suka mutu da yunwa da cuta a cikin wata goma sha huɗu, ya sake komawa ƙashi da fata kamar yadda ya baro gida. Wahalar da ya sha ba ta zama diyyar matan Kalifoniya ba, kuma ceton Winona rai ɗaya ne a gaban rayuka masu yawa. Na yarda da Bilkisu cewa yana cikin lissafi, na kuma yarda da Habibu cewa marubucin ne ya riƙe alƙalamin lissafin, ya kuma karkata shi wajen yaronsa.

Inda ban bi Sadiya ba shi ne cewa an dasa soyayyar ne domin hutu. Idan aka cire John Cole, babu dalilin da zai sa Thomas ya bar soja, ko ya nemi gida, ko ya ɗauki yarinyar tun farko, domin sha'awar zama iyali ce ta kai su ga Winona, kuma wannan sha'awar ce ta raba ta da sauran 'yan uwanta. Habibu, idan ka karanta littafin na biyu, ka faɗa mana ko a can Winona ta fito fili ta tuhume su da kisan danginta, domin amsar wannan za ta nuna ko marubucin ya biya bashin da kake magana ko kuwa ya ɗaga ranar biya ne kawai.